Tsohuwar Manhaja da Amshin Baffa

Kwamfutar tana nan har yau a ɗakin ƙasa da ke ƙuryar gidana na Wurno, lulluɓe da tsohon zanen maiɗakina. Duk wanda ya san kan kwamfuta, in ya buɗe ta ya ga abin da ke kanta, sai ya dube ni ya yi dariya, ya ce wannan ai tun zamanin da aka daina yayi ne. Da can nakan tsaya bayani har raina ya ɓaci, don ni ba mai haƙuri da dariyar mutane ba ne. Yanzu kuwa sai in ce eh, tsohuwa ce, in mayar da zanen in rufe.

Dalilin ajiye ta haka yana komawa ga Baffa, yayan mahaifina. Mutumin Rara ne, manomi, kuma makaɗin gangar noma. Lokacin da muke yara, duk gayyar da aka kira daga Rara har ƙauyukan da ke kewaye, in babu Baffa to ba ta cika ba. Yana tafe bayan manoma da ganga a kafaɗa, yana kiran kowane da kirarinsa da na kakansa da sunan gonar gidansu, har ka ga mutumin da ya fara lanƙwasa ya miƙe ya zabura. Mahaifina shi ne ɗan amshinsa. Baffa ya ba da waƙa, mahaifina ya karɓa, wasu biyu ko uku su bi bayansa. Muryoyinsu sun yi kama ƙwarai, har mata a cikin gida kan yi gardama a kan wane ne ya yi sallama.

Ni ban bi sawunsu ba. Tun ina ƙarami aka kawo ni Wurno karatu wurin kawuna, wanda gidansu gidan malamai ne, kuma a can ba a zancen ganga. Da hutu nakan koma Rara in zauna gindin bishiya a bakin gona in saurara, har na haddace amshin waƙoƙin nan kaf, amma ban taɓa buɗe baki na yi ko ɗaya ba. Ina jin kunya, ban kuma san kunyar wa nake ji ba. Tun daga lokacin Baffa ya sa mini suna Malam na Wurno, kuma har na girma na zama malamin makaranta da gaske bai sauya ba.

Sai zamani ya juya. Ruwan madatsar Goronyo ya sa noman rani ya kankama, kowa ya sayi injin ban ruwa, albasa da tafarnuwa da shinkafa suka mamaye fadama. Alheri ne, ba na musu, don gidaje da yawa da shi suka tsaya da ƙafafunsu. Sai dai wanda ke da inji da 'yan ƙwadago ba ya kiran gayya, kuma ko an kira, ƙarar inji ba ta barin a ji ganga. Ana cikin haka mahaifina ya rasu. Baffa ya rataye gangarsa a bangon ɗaki, ya koma noman albasa kamar kowa.

Ni kuma ina da wani ƙaiƙayi na son ɗaukar sauti. Na fara da waya, ina ɗaukar waƙoƙin da ɗalibaina ke yi ranar taron iyaye, daga baya na sayi kwamfutar cinya ta hannu, da makirufo, da wani ɗan akwati da ake haɗa makirufo da kwamfuta ta cikinsa, shi ma na hannu. Wata Sallah na je Rara gaisuwa, na ji yadda Baffa ke tsayawa tsakiyar magana yana neman numfashi. A nan gabana ya faɗi. Waƙoƙin nan babu su a kaset, babu su a takarda, babu wanda ya gaje su. Sunayen gonaki da na mutanen da suka nome su kafin zuwan inji, da sunan mahaifina a ciki, duk suna cikin ƙirjin tsoho ɗaya, kuma ƙirjin ya fara gajiya.

Na roƙe shi ya bari in ɗauka. Ya ƙi. Na sake komawa, ya ce ganga ba ta shiga akwati. Sai da na matsa masa har ya gaji da ni, sannan ya ce, “To Malam na Wurno, bari a ɗebe albasa. In an ɗebe, kahin ruwa shi sauka, ina zuwa. In ruwa ya sauka kuwa kak ka neme ni, gero nika yi.”

Tsakanin cire albasa da saukar ruwan farko ba wani lokaci ne mai yawa ba. Na ɗauki kwamfutar na nufi Goronyo wurin wani abokina da muka yi makaranta tare, yana da shagon gyaran waya da kwamfuta kusa da kasuwa. Kwamfutar ta zo mini da tarkacen mai ita na da, tana nawa, ina so a share ta tas a sake ɗora mata uwar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, wadda duk sauran manhajoji ke zama a kanta. Na ɗauka abu ne da za a yi a tsaye in juya gida. Abokina ya jawo mini benci.

“Zamna tukuna,” ya ce. “Wacce kaka so in aza maka?”

“Ashe iri-iri ta?”

“Iri ukku ag gare ni. Akwai sabuwa ta gida, akwai sabuwa ta ohis, akwai kuma tsohuwa. Mi kaka so ka yi da kwamfutag ga?”

Na gaya masa zancen Baffa. Ya saurara, ya daina wasa, don shi ma kakansa ya taɓa kiran Baffa gayya. Sai ya warware mini su ɗaya bayan ɗaya. Sabuwa ta gida tana da sauƙi da kyan gani, amma tana da wani hali: in ta ji intanet sai ta shiga sabunta kanta, in ta ga dama ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, ko da kana tsakiyar aiki. Ta ofis ƙanwarta ce ko yayarta, fuskarsu ɗaya, sai dai ita kana iya ce mata ta dakata da sabuntawar sai ka gama. Tsohuwa kuwa ba ta da nauyi, ba ta shan batir, amma masu ita sun daina kula da ita, in ka shiga intanet da ita ƙwayoyin cutar kwamfuta za su cinye ta, kuma sababbin manhajoji da yawa ba sa zama a kanta.

Ta gida na fara cirewa daga lissafi. Na hango Baffa yana tsakiyar kirarin wani mamaci, kwamfuta ta ce a dakata tana sabuntawa. Na san shi, tashi zai yi ya nemi takalminsa. Tsohuwa kuma ban ko dube ta sau biyu ba, don da wannan kwamfutar nake buga jarrabawar ɗalibai da tura takardun makaranta, ba ni da wata. Na ce a ɗora mini ta ofis. Abokina ya ce shi ma ita zai zaɓa. Ko yau aka maimaita ranar, da abin da muka sani a lokacin, ita zan sake zaɓa.

Na gyara ɗakin ƙasan nan. Bangonsa mai kauri ne, rufin azara, ba ya amsa kuwwa irin ta ɗakin siminti. Na rataye tabarmi a bango, na toshe taga da buhunan albasa da babu komai a ciki, na shimfiɗa darduma. Janareta ba zai yiwu ba saboda ƙara, don haka nakan cika batir da sola tun da rana ta fito. Maiɗakina ta leƙo ta ga buhuna a taga, ta ce ta ɗauka ɗakin waƙa zan yi, ashe rumbu ne. Na ce ta dai riƙe mini awakinta da kajinta su yi nisa da ƙuryar nan.

Da aka gama cire albasa na je na ɗauko Baffa a babur, gangar a bayansa, ya riƙe ni da hannu ɗaya ya riƙe ta da ɗaya. Tun a gwajin farko muka gane ba zai iya kiɗa da waƙa a tare ba kamar da, numfashin ba ya kai shi. Sai na ce mu raba aikin: a ɗauki ganga ita kaɗai, daga baya ya sa abin ji a kunne, yana jin kiɗansa yana ɗora waƙa a kai. Ya ce bai taɓa jin an raba ganga da baki ba, amma ya yarda.

Ɗaukar gangar ta tafi lafiya lau. Hannunsa bai tsufa ba ko kaɗan. Ya fara a hankali, yana taɓa fatar kamar mai gaisawa da ita, can sai ya saki hannu, ɗakin ya cika. Ina zaune gaban kwamfuta ina kallon zanen sautin yana tashi yana sauka, tsigar jikina na tashi. Na yi farin ciki a ranar irin wanda na daɗe ban yi ba, har na raina masu cewa aikin situdiyo wuya gare shi.

Washegari da hantsi muka zo kan waƙa. Na sa masa abin jin a kunne, na gyara makirufo, na saki kiɗan. Ya gyara zama, ya jira bugun da yake so, ya ba da waƙa:

“Ina manoman Rara, rana ta ɗaga.”

Sai ya yi shiru. Ganga tana ta tafiya a kunnensa, shi ya tsaya. Ya sake bayarwa, ya sake tsayawa, ya karkata kai gefe. Na tsayar da kiɗan na tambaye shi ko lafiya.

“Wa ka amsa min?”

“Babu kowa, Baffa. Mu biyu na cikin ɗakin ga.”

“Akwai mai amsawa. In nib ba da waƙa shina karɓa, amma da nawa shika shigowa.”

Na karɓi abin jin na sa, na yi magana a makirufo. Sai na ji abin da yake ji. Muryata tana fita daga bakina, ta shiga akwati, ta shiga kwamfuta, sannan ta dawo kunnena a makare, ba da yawa ba, amma yadda kunne zai ji ta a matsayin murya ta biyu. Ni abin damuna kawai ya yi, kamar mai magana cikin rijiya. Ga Baffa kuwa magana ce ta daban. A ƙa'idarsu, wanda ya ba da waƙa ba ya taka ɗan amshi. In amshi ya shigo, ko da a makare, sai ka bari ya sauke kafin ka ɗora, in ba haka ba ka wulakanta shi a gaban jama'a. Baffa ya yi shekarun duniya a kan wannan, ba yau zan cire masa ba. Duk layin da ya bayar sai ya tsaya ya jira mai amsawar, ganga kuma ba ta jiran kowa.

Na yi masa bayani cewa muryarsa ce ke dawowa. Ya ce ya ji. Muka sake, ya sake tsayawa. Na kashe muryar daga kunnensa na bar ganga kawai, ya ce na toshe masa kunne, ba ya jin kansa, don da ma jinsa ya ragu. Na gwada sakin kiɗan ta lasifika, sai ya koma cikin makirufo ya dagula komai. Zufa ta karyo mini, na fara huci ina danne-danne. Baffa ya miƙo hannu ya karɓi abin jin, ya mayar kunnensa da kansa, ya ce wa makirufon a hankali, “Rana ta ɗaga.” Ya saurara. Ya sake faɗa, ya sake saurarawa.

“Awa muryar ƙanena,” ya ce, wato kamar ta mahaifina.

Na tashi na fita wai zan duba sola, na tsaya a waje har ƙirjina ya lafa.

Abin da muka ɗauka ranar ba ya sauraruwa. Waƙa tana gefe, kiɗa yana gefe. Baffa ya ce zai koma Rara ya duba gida, in na gyara akwatina in zo in ɗauke shi. Da za mu fita ya ɗaga kai ya dubi gabas, ni ma na duba. Gajimare ya fara taruwa da yamma-yamma a 'yan kwanakin nan.

Na koma Goronyo da kwamfutar da akwatin, raina a ɓace. Na shiga shagon ina faɗa tun daga ƙofa, abokina ya bar ni na gama, sannan ya ce in zauna mu duba tare. Muka yi ta gwaji har azahar. Muka rage wannan, muka ƙara wancan. In muka matsa wa kwamfutar ta rage jinkirin, sai sautin ya fara ƙaraf-ƙaraf yana yankewa. In muka sassauta, jinkirin ya dawo. Can muka gano bakin zaren. Akwatin nawa tsoho ne, kuma ɗan manhajar da ke sa shi fahimtar juna da kwamfuta, wanda masu gyara ke kira direba, an yi shi ne don tsohuwar uwar manhaja. Sabuwar ba ta karɓar sa, sai ta ba akwatin wani na kowa da kowa, shi kuma a hankali yake aikinsa. Don mu tabbatar, muka jona akwatin a wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinsa. Na yi magana, muryata ta iso kunnena tare da fitarta daga baki.

“To ga hanya biyu,” in ji shi. “Ko ka sawo sabon akwati da ya dace da ta ohis, ko mu share ta mu aza tsohuwa.”

“Sabon akwatin ana samu nan?”

“Ba a samu ko Sakkwato, sai an aiko daga nesa. Ban iya ce maka ga ranad da shika isowa.”

“In munka aza tsohuwa fa?”

“Ta yi maka aikin Baffa tsab. Amma daga yau ba ta shiga intanet, ba ka sa mata hilashin kowa don kwasar takardu, manhajad da kaka aikin makaranta da ita kuma ba ta zama bisanta. Kwamfutar waƙa ta zama, shi ke nan.”

Na tambaye shi ko ba a raba ta biyu, a ɗora duka. Ya ce ana yi, amma ba a irin tawa ba, cikinta ƙarami ne, in aka raba babu inda za a zuba sautin, kuma sauti wuri yake ci.

Na fita na zauna a bencin ƙofar shagon. Ranar kasuwa ce, motoci na ta lodin albasa, warinta ya cika ko'ina. Ba zan ɓoye ba, na ji zafin abin. Na daɗe ina tanadi kafin in mallaki kwamfutar nan, ita ce ta raba ni da bin layi a shagon buga takardu, ita ce ta sa ake nemana a makaranta. Yanzu in mayar da ita baya da hannuna, in koma roƙon a ba ni aron ta ofishin shugaban makaranta. Na kuma yi tunanin jiran sabon akwati. Wataƙila ya iso da wuri. Wataƙila kuma ruwa ya riga shi, Baffa ya shiga gero, sai wata shekara. Da na zo kan wata shekara sai na tuna yadda yake tsayawa tsakiyar magana yana neman numfashi. Na tashi na koma ciki.

“Share ta,” na ce.

Ya kwashe mini takarduna da kiɗan gangar da muka ɗauka ya ajiye a gefe, ya share ta, ya ɗora tsohuwa. Da ta kunna sai ga fuskar nan da na sani tun muna koyon kwamfuta. Ya ɗora direban akwatin, ya ɗora tsohuwar manhajar ɗaukar sauti, ya kashe duk wata hanyar shiga intanet don kada hannuna ya yi ƙaiƙayi. Yana miƙo mini ita ya ce shi tunda ya buɗe shago bai taɓa ganin wanda ya kawo sabo a musanya masa da tsoho ba sai ni. Na ce ya rubuta a ƙofar shago.

A gida maiɗakina ta tambayi yadda zan yi da jarrabawar ɗalibai. Na ce allo da alli ba su mutu ba. Ta ce Allah ya sa Baffa ya san abin da na yi dominsa. Na ce kada ta kuskura ta gaya masa, don zai ce wa ya aike ni.

Na ɗauko shi ranar da iska ta fara ƙamshin ƙasa. An ce an yi yayyafi wajen Lahodu. Muka shiga ɗaki, ya zauna inda ya zauna wancan karon, na sa masa abin ji, na ce ya gwada magana. Ya yi gyaran murya, ya ce bismillahi, ya gyaɗa kai. Na saki ganga. Na zauna ina ji da kaina, don na san wannan karon babu jinkiri ko na ƙiftawar ido.

“Ina manoman Rara, rana ta ɗaga.”

Muryar ta fito daidai kan bugu, tsaf, yadda na san ta ina yaro. Sai ya tsaya. Ya karkata kai gefe kamar wancan karon, yana jira. Ganga ta wuce, ta zagayo, ta sake wucewa. Babu abin da ya dawo masa. Ya sa hannu biyu ya cire abin jin a hankali, ya ɗora a cinyarsa.

“Ka kore shi,” ya ce.

Ban yi tsammanin wannan ba. Duk wahalar da na sha, da kwamfutar da na mayar baya, don in cire masa wannan muryar ne, ashe shi ya kwana da ita a ransa har Rara, ya kuma dawo yana sa ran ji. Na ji haushi, na ji tausayi, ban san wanne ya fi yawa ba. Na ce masa in yana so akwai yadda zan sa muryar ta riƙa dawowa a makare da gangan, kwamfutar tana iyawa.

“A'a,” ya ce. “Na san ba shi na ba. Ban haukace ba, Malam na Wurno. Daɗi dai nij ji.” Ya shafa abin jin da yatsa. “Amma waƙar noma ba a yin ta babu amshi. In nib bayar, sai an karɓa, sannan in san inda nika ɗorawa. Ba ni iya magana da bango.”

Na fara lissafa waɗanda za a nemo. Ya ce wane ya rasu, wane ya koma Boyekai wurin ɗansa ba ya fita, wane kuma tunda ya yi Hajji ya ce ya bar amshi. Ya gama, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara wayar makirufo wadda babu abin da ya same ta.

“Kai da kaka zama gindin icce kana motsa baki,” ya ce. “Ka aza ba mu ganin ka? Ubanka shi ka nuna min kai.”

Akwatin nan tsoho yana da rami biyu na makirufo. Na biyun ban taɓa amfani da shi ba. Na ɗauko ƙaramin makirufon da nake ɗaukar ɗalibai da shi na jona, na sa nawa abin jin, na jawo kujera kusa da shi. Na danna na saki ganga. Na yi shekaru ina tsayawa gaban aji da gaban taron iyaye, amma ban taɓa jin bakina ya bushe irin na ranar ba.

“Ina manoman Rara, rana ta ɗaga.”

Na buɗe baki na karɓa.

“Ga mu bisa kuyya, ba mu tashi ba.”

Na makara. Na ji da kunnena na makara, kuma wannan karon babu kwamfutar da zan ɗora wa laifi. Baffa bai taka ni ba. Ya jira na sauke, ya bar ganga ta zagayo, sannan ya ɗora layi na biyu. Na karɓa, na ɗan matso kusa da bugu. A na uku na shigo daidai. Daga nan ya saki jiki, ya shiga kiran gonaki da masu su, tun daga bakin fadama har tudu, ni ina karɓa, kalmomin suna fitowa daga inda ban san na ajiye su ba. Da ya zo kan kirarin mahaifina bai rage murya ba, ya kira shi yadda yake kiransa yana raye a bayansa. Na amsa, hawaye na zuba, ban tsaya ba.

Da kiɗan ya ƙare na danna na tsayar. Ya daɗe yana mayar da numfashi. Na miƙa masa ruwa ya sha, ya goge baki da hannun riga.

“Ubanka ma hakanga yaf fara,” ya ce. “A makare. Sake sakin gangag ga, ɗana, akwai saura.”

Muka yi ta yi har ruwa ya sauka, ya koma gero kamar yadda ya faɗa. Bai ga cire albasar shekarar da ta biyo ba.

Na kwafi waƙoƙin na raba wa dangi, suna cikin wayoyin mutanen Rara da yawa. Amma asalin yana cikin kwamfutar nan, a kan tsohuwar manhajar, layi uku a jere: ganga, muryarsa, da tawa a ƙasa. Abokina na Goronyo ya ce mini abu ne mai sauƙi in ja amshin nan na farko da ya makara in daidaita shi da bugu, babu wanda zai gane. Na san yadda ake yi. In na daidaita shi, shirun da Baffa ya yi yana jirana ba zai ƙara zama jira ba, don haka na bar shi yadda yake.